Jiga Sittin na Goggo Tani

A gidanmu kowane yaro da waƙarsa. Kakata ce take yin su, Iya Zuwera ta Zabori. Da an raɗa wa jariri suna an kai mata labari, sai ta ɗan kwana biyu tana gunguni a bakin murhu, in waƙar ta nuna ta kira matan gida ta rera musu, su yi ta maimaitawa har ta zauna musu a ka, sannan a kai wa uwar ɗa. Tawa har yau in Lawali mijina yana son tsokanata ita yake ɗaukowa: Hamdiyya ƴar damina, ta zo da ruwa, ta zo da gero, kuka kaɗan, baki da yawa. Ban dai ce Iya ta yi ƙarya ba.

Daminar da ta wuce na haihu a nan Gaya, aka sa wa ɗiyar sunan Iya, muna ce mata Ƴar Iya. Labari ya kai Zabori ya tarar da tsohuwa a kwance, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Amma ta aiko cewa takwararta ba za ta tashi ba waƙa ba, tana nan tana haɗawa. Ni kuma ina cikin jego, ana gasa ni da ruwan zafi safe da yamma, ba mai barina in leƙa ƙofar gida balle in hau mota kafin arba'in. Kira ta waya ma ba zai yiwu ba, don a gidan Iya rezo, wato layin waya, sai an hau tudun bayan lekol, makarantar boko, ake samunsa, wa zai ɗauki mara lafiya ya kai ta can? Sai Goggo Tani, ƙanwar babana, autar Iya, ta ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Ita za ta je jinya, ta ɗauko waƙar da muryar Iya a salularta, ta kawo mini har ɗaki.

Goggo Tani shinkafa take turarawa tana sayarwa, kuma in tana ciniki a bakin kasuwa ana jinta daga tasha. Ba ta yi lekol ba, amma lamba ba ta ɓace mata. A wata ƙetarawar kogi da ta yi zuwa kasuwar Malanbil ta sayo kart memwar, ɗan katin nan da ke riƙe hotuna da murya a salula, a wurin wani mai tire, an rubuta masa 64 da jan fenti, wato jiga sittin da huɗu, ma'aunin girman cikinsa ke nan, ta samo shi da arahar da ta yi ta ba da labarinta a gidajen suna. Ni tun a lokacin na ce a raina araha ba ta ado.

Sana'ata ke nan, shi ya sa na sani. Ina da tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, a ɗaki, ina tura wa mata wa'azi da waƙoƙi a kart, in ya lalace in duba. Ba wai na fi samarin tasha iyawa ba ne. Matar aure ba ta son miƙa wa ƙato kart ɗinta da hotunanta a ciki babu ɗankwali, shi ya sa suke biyo ni gida. Duk abin da nake ci a sana'ar nan da amana nake cinsa.

Ana jibi za ta tafi, Goggo ta shigo ta ce in duba mata kart ɗin, bidiyon sunan Ƴar Iya da ta ɗauka ya ƙi buɗewa. Na sa shi a ordinata. Wa'azin da aka fara tura mata yana nan lafiya lau, tsofaffin hotuna ma haka, amma duk abin da ya shiga daga baya suna ne kawai, ciki fanko. Na kwashe masu rai na ajiye gefe, na yi masa gwajin da ake yi: a cika kart da kaya har baki, sannan a dawo a ga nawa ya riƙe. Ina shayarwa ina kallo. Ya haɗiye sittin da huɗu ba ko tari, da aka zo mayarwa huɗu ma ba su cika ba.

Irin wannan kart an koya masa ƙarya ne tun daga inda aka ƙera shi. Ɗan mitsitsi ne, amma in salula ta tambaye shi sai ya ce shi babba ne, ita kuma ta yarda, ta yi ta zuba masa, ba za ta taɓa ce maka ya cika ba. Gyaransa ɗaya ne, a wanke shi, wato a goge komai, a yanka masa iyaka daidai cikinsa na gaskiya, yadda in ya cika salula za ta yi magana, mutum ya goge wani abu ya sami wuri. Haka na yi. Na mayar mata da wa'azinta da hotunanta, ya rage ɗan wurin da zai ɗauki waƙar Iya har da addu'o'inta. Wallahi har daɗi na ji, na ce Allah ya taimake mu da muka gano kafin tafiya.

Na yi mata bayani da harshenta. Na ce Goggo, kamar buhu ne a rubuta masa tiya arba'in alhali tiya biyu yake ci, gindinsa a ɓule, kina zubawa yana tsiyayewa ta ƙasa, ni kuma na ɗinke gindin. Ta ce to madalla, ta sa mini albarka, ta tafi. Ko la'asar ba a yi ba sai ga ta ta dawo, ba sallama, salula a hannu kamar ta kamo ɓarawo.

"Hamdiyya, sittin da huɗu na kawo miki. Ina sittin?"

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Ashe ba wasa. Ta ce ta duba da idonta, da safe lambar da ke cikin salula da wadda ke jikin kart ɗaya ce, yanzu kuwa huɗu take gani, kuma ba hannun da ya taɓa shi sai nawa. Na sake kawo zancen buhu, ta ce kada in raina mata hankali, ita ta girme ni a buhu, ba a taɓa ɗinke buhu ya koma jaka ba. Na ɗauko nawa kart na gaske mai jiga takwas, wanda na sani kamar yunwar cikina, na ce ta tafi da shi kyauta, waƙar kawai nake so. Nan fa na ƙara wa wuta mai. Ta ce ga shi nan, mara gaskiya ko a ruwa gumi yake, in ban ci ba me ya sa nake biya, kuma takwas a madadin sittin ko a kasuwar mahaukata ba a yi.

Kafin gari ya waye an shafa mini kashin kaji unguwa guda. Wai Hamdiyya tana zuƙe jiga daga kart ɗin mata kamar yadda ake zuƙe mai daga tankin moto, tana tarawa a ordinata, Lawali yana kaiwa kasuwar Kamba yana sayarwa. Lawalin da kabu-kabu yake yi a kan moto, wato babur, wanda ko lambar wayarsa sai ya duba bayan salula yake faɗa! Wata ta ce dama tun da na taɓa mata kart salularta ta yi sakayau a hannu. Wata ta ce nata ramewa yake yi a hankali. Matan da na rufa wa asiri shekara da shekaru, na ga abin da ke cikin kart ɗinsu ban taɓa buɗe baki ba, su ne suka zauna a rumfar turara shinkafa suna auna ni. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har nono ya so ya ɗauke.

Da hantsi sai ga su sun cika mini ɗaki, wai barka suka zo ƙarawa. Hajiya Balkisu ce a gaba, shugabar ƙungiyar masu shinkafa, mace mai sanyin magana wadda ba ta taɓa raba faɗa ta ba ƙarami gaskiya ba. Ta ɗauki Ƴar Iya ta yi mata wasa, sannan ta ce ita ba ta ce na ɗauka ba, ba ta kuma ce ban ɗauka ba, amma in akwai yadda za a yi lambar Tani ta koma yadda take, in yi, a zauna lafiya. Na ce akwai, kuma ba wuya, wanke shi kawai zan yi in cire iyakar, ya koma faɗin ƙaryarsa. Amma duk wanda ya sa ni yin haka ya sani waƙar Iya yake jefawa a rijiya.

Goggo ta ce a ji ta fa, har da baki take yi wa uwar mutane. Lawali yana tsaye a bakin ƙofa bai shigo ba saboda mata, ya kira ni da ido, na leƙa. Ya ce mini ƙasa-ƙasa in mayar mata da abinta, goggona ce, ba a ja da babba a gaban jama'a, kuma shi fasinja sun fara tambayarsa nawa yake sayar da jiga. Na dube shi sama da ƙasa. Namiji ke nan, in rigima ta zo gaskiya ce farkon abin da yake miƙawa a tafi da shi.

Na zauna gaban ordinata ina huci. Na ce kowacce ta buɗe kunnenta ta zama shaida, kart ɗin nan huɗu ne, ko an rubuta masa dubu huɗu ne, abin da ya haura haka ya tafi ke nan, ba malamin da zai dawo da shi. Na wanke, na mayar da kayanta, na sa mata a salula. Ta duba, ta miƙa wa Hajiya, Hajiya ta miƙa wa ta kusa da ita, salula ta zaga ɗaki kamar goron suna.

"To ga su sun dawo," in ji Goggo. "Da ba ta ɗauka ba, ina ta samo su?"

Kun ji fa. Na ƙi, ni ɓarauniya ce, na yi, ni ɓarauniya ce da ta tuba. Hajiya Balkisu ta ce tunda an mayar a rufe maganar, mai jego hankalinta ba ɗaya ba ne, Shaiɗan ne. Suka yi mini addu'ar shiriya a ɗakina, a kan tabarmata, suka tashi. Har da mai cewa ita ma za ta kawo nata in mayar mata da wanda na rage.

Duk da haka na haɗiye fushina na bi Goggo har zaure, inda aka hana ni zuwa. Na riƙe mata hannu na ce don Allah don Annabi kada ta ƙara komai a kart ɗin, akwai ɗan wuri na gaskiya da ya rage, in ta fara da waƙar Iya za ta shiga. Ta zare hannunta ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Daga baya na ji abin da ta yi. Daga gidana tasha ta nufa, ta ba wani mai tura fim, ta ce ya zuba mata har sai ya gaji, tana so ta tabbatar sittin ɗin nan sun dawo cif ban riƙe ko ɗaya ba. Shi kuwa me ya dame shi? Ya loda mata finafinan Indiya da kokawa, kart yana karɓa, tana murna. Ɗan wurin da na roƙa a bar wa Iya, wasu masu rawa a kan dutse suka zauna a ciki.

Ban haƙura ba. Na yi ta neman Rahina a waya, matar ƙanen babana da ke gida ɗaya da Iya, har Allah ya sa na same ta ta hau tudu. Na ce ta nemi wata salular ko ta maƙwabta ce a ɗauki waƙar sau biyu, in ba hali su riƙe ta da ka yadda aka saba. Murya tana yankewa tana dawowa, abin da na tsinta shi ne in daina wahalar da kaina, ai Tani ta zo da babban kart, ta nuna musu lambar. Har Zabori lambar nan ta riga ni isa.

Iya ta rasu saura kaɗan in yi arba'in. Ban ga gawarta ba, ban ji muryarta ba. Na yi kuka har na gode Allah, kuma cikin kukan abin da nake riƙe da shi a zuci shi ne wataƙila na yi kuskure, wataƙila kart ɗin ya ɗan fi yadda na auna. Ban taɓa roƙon Allah ya ƙaryata ni ba sai a kwanakin nan.

Bayan sadakar bakwai Goggo ta dawo. Ta rame, muryar nan ta kasuwa ta dushe. Ta zo da Hajiya Balkisu da matan nan dai na ranar, suka yi mini gaisuwa, sannan ta ce ba ta yarda ta saurara ita kaɗai ba, ta adana ne sai a gaban takwara. Ta ce Iya ta rera waƙar, ta yi wa kowa addu'a da sunansa, har ta ba da labarin yadda aka haƙa rijiyar gidan. A sa a ordinata, in ji ta, don kowa ya ji da ƙarfi. Aka gyara zama, aka ɗora Ƴar Iya a cinyar Goggo.

Sunayen suna nan reras, kowanne da ranarsa. Na danna na farko, ordinata ta ce ba ta gane shi ba. Na biyu haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ba wanda ya buɗe. Hajiya ta ce ko lasifikar ce. Na kunna wa'azin farko, malam ya cika ɗaki da murya, na kashe. Na sa abin da ake tono ɓatattun kaya da shi, muka zauna har inuwa ta juya, abin da ya tono mini rabin fim ne, wata mata tana gudu a cikin furanni.

Na so in yi magana. Na tanadi maganganu tun ranar da suka yi mini addu'ar shiriya, na jera su, na wasa su. Na dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta sami abin kallo a tabarma. Amma ba wannan ne a gabana ba. Na ce to, kart ya ci, sai a koma ta gida, wa ya riƙe waƙar? Ai Iya ba ta rerawa sai ta tara mata.

Goggo ta gyara wa Ƴar Iya kwanciya a cinyarta. Da ta buɗe baki, a hankali ta faɗa, tana kallon kan jaririyar. Wai ranar Iya ta ce a kira matan gida su zo su karɓi waƙar, sun ma taru. Ita Goggo ce ta ce su fita tsakar gida, hayaniyarsu za ta ɓata ɗauka, ta sa aka janye har da akuya daga bakin ƙofa. Iya ta rera sau ɗaya, ta ja numfashi za ta maimaita yadda ta saba, Goggo ta ce ta huta, ya shiga, yanzu zamani ya sauƙaƙa. Na ce to ke fa Goggo, ai kina wurin, ko baiti ɗaya. Ta ce ita jan ɗigon nan na salula mai nuna ana ɗauka take kallo, tana tsoron kada ya tsaya. Abin da ta riƙe kawai, gajeriya ce, kuma Iya ta yi murmushi a ƙarshenta.

Matan suka zare jiki ɗaya ɗaya. Hajiya Balkisu ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta nemi takalmanta. Ba wadda ta ce Hamdiyya kin faɗa. Ban kuma damu su faɗa ba, me zan yi da shi? Haushina ya rasa inda zai sauka. Mai tiren Malanbil yana can ƙetaren kogi yana sayar wa wata, wanda ya koya wa kart ƙarya ko ƙasarsu ban sani ba, Lawali ya sunkuyar da kai ya tura moto ya fita, Goggo kuwa uwa ta rasa.

Washegari da safe ina shanya kayan jaririya sai ga ta ita kaɗai, wannan karon da sallama. Ta zauna a bakin tabarma, ta kwance haɓar zaninta, ta fito da kart ɗin ta ajiye a gabana da hannu biyu kamar mai kawo kayan biko. Ta ce ta kwana tana tunani, ta san ta ɓata mini, ta san ta kunyata ni a gaban mutane, kuma duk wanda aka yi wa haka dole ya riƙe wani abu.

"Ki kwashe sittin ɗin duka, Hamdiyya, na ba ki halak malak, ba wanda zai ji. Ki haɗa da huɗun ma. Muryar Iya kawai za ki bar mini."

Ni da Iya ta yi wa shaidar baki da yawa, na buɗe bakin nan ban sami abin da zan sa a ciki ba. Tana kallona tana jira, da gaske take jira, har ta ɗan turo kart ɗin gaba da yatsa. Sai Ƴar Iya ta farka a ɗaki ta fasa kuka. Na shiga na ɗauke ta na sa a kafaɗa, ina jijjigawa ina cewa yi shiru, yi shiru, kamar ɗiyar kowa.